Wayar da Aka Hana Iya Lateef Ɗauka

Afusat ta sauka a tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa a farkon shekarun saba'in. Daga Ogbomosho ta taso, da ƙullin kaya a ka da ɗanta Lateef riƙe da gefen zaninta. Mijinta tela ne, ya riga ta zuwa ya kama ɗaki. Ba su daɗe tare ba Allah ya yi masa rasuwa. Dangi suka aiko cewa ta tattara ta koma gida, ita kuwa ta ce ta riga ta saro kwanuka, sai ta sayar tukuna. Kwanukan nan ba su taɓa ƙarewa ba, domin kafin su ƙare ta saro wasu.

Shagonta yana bakin tashar mota, cike da langa da samira da farantai na jeren amare. Hausa ta zauna a bakinta daram, har tsegumin unguwa da ita ake yi. Mata suna ce mata Hafsatu, maza kuwa Iya Lateef.

Da ciniki ya kankama sai ta nemi a sa mata waya don ta riƙa kiran dillalanta na Ibadan. Ta yi shekaru tana zarya a ofis kafin a jawo mata layi a 1983. Baƙar waya ce mai nauyi, irin wadda ake juya lambobinta da yatsa. Layin kudu kuwa in ya shiga yau, sai wani watan. Amma wani ikon Allah, kira daga ƙasar waje yana shigowa tangaran. Wannan labari ne ya kai kunnen Alhaji Maitama.

Alhaji Maitama ɗan kasuwar hatsi ne daga Maska, mutumin da ba ya son kuɗi ya fita daga aljihunsa sai in buhu zai shigo sito. Yana shirin komawa Makka a shekarar ya zo shagon, ya daɗe yana kallon wayar.

"Iya, an ce in ka buga daga can, sai an ɗauka kuɗi yake fara tafiya?"

"Haka na ji, Alhaji."

"To, kin ga hanya. In na sauka zan bugo. Ki bar ta ta yi ta ƙara, kada ki taɓa. In ta yi shiru sai ki ba direban Maska saƙo ya gaya wa iyalina na sauka lafiya."

"In wani abu ya same ka fa?"

"In wani abu ya same ni, ai ba zan bugo ba."

Dabarar ta yi aiki. Alhaji ya dawo ya kawo mata dabino da ɗan zamzam a kwalba, sannan ya bi kasuwanni yana ba da labarin yadda ya gaisa da gida daga Jidda ba tare da ya kashe ko sisi ba. Shekara na zagayowa, maniyyata daga Danja da Gozaki da ƙauyukan Malumfashi suka yi ta tururuwa shagon suna kwafar lamba. Iya ta raba musu lokaci: waɗannan da hantsi, waɗancan bayan azahar, wasu bayan la'asar. Ba wanda ya tuna cewa azahar ɗin Makka ta riga tamu, don haka tun ranar farko rabon ya cakuɗe.

Sau ɗaya ta manta ta ɗauka. Muryar Alhaji Maitama ta taso tun daga Jidda tana cewa, "Ajiye! Iya, ajiye!" Da ya dawo ya yi wata guda ba ya gaishe ta. Daga nan duk lokacin aikin Hajji sai ta kife wayar da kwando, don kada hannunta ya sake yin kuskure. Ita ce mai waya, ita ke biyan kuɗin layi, amma wata biyu a shekara ba ta da ikon cewa "halo".

Matan alhazai da iyayensu suka fara zuwa da kansu. Su hau bas tun safe, su shimfiɗa tabarma a gaban shago su jira. In wayar ta yi ƙara sai kowa ya yi tsit. Iya ta duba fuskokinsu, wadda ta ga ta fi damuwa ita za ta ba.

"Maijidda, wannan naki ne. Malam yana lafiya."

Maijidda ta share hawaye ta ce, "Wallahi na ji a jikina. Haka yake da gaggawa, kin ji yadda ya katse da wuri."

Iya ba ta ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Wani dai ya bugo, kuma wanda ya bugo yana da rai. Kafin su tashi kuma sai sun sayi faranti ko murfin kwano.

Lateef kuwa a lokacin ba ya gari. Ya girma, ya bi kawunsa Abijan yana koyon gyaran keken ɗinki. Wasiƙarsa takan yi watanni a hanya, wani lokaci ma ba ta isowa.

A Hajjin 1987 aka sami wani sabon mai bugowa. Sauran alhazai ƙara kaɗan suke bari su katse, don tsoron kada a ɗauka. Wannan kuwa zai bar ta ta yi ta kuka har ta gaji, ya sake bugowa, gobe ma haka. Iya ta rasa wa za ta ba, sai ta ba Gwaggo Inno, wata tsohuwa daga Gozaki da ɗanta Malam Shitu ya tafi a shekarar. Shitu mutum ne da a gida ma sai ya kwana biyu bai leƙa ɗakin uwarsa ba.

"Gwaggo, wannan mai nacin naki ne."

Tsohuwa ta ɗaga hannu sama. "Allahu Akbar! Ƙasa mai tsarki ta gyara mini yaro."

Kullum sai ta zo ta zauna kusa da kwandon. Iya tana kallonta, abin yana sosa mata rai. Da yamma in mata sun watse takan ce wa maƙwabcinta Ikechukwu mai kantin magani, "Ka ga ɗan mutane, ko gajiya ba ya yi. Nawa kuwa yana can, uwarsa ce mai waya a duk layin nan, amma ko sau ɗaya bai taɓa tunawa ya bugo ba."

Ana cikin haka mai nacin ya daina bugowa. Gwaggo Inno ta shiga damuwa, Iya ta ce mata ai yanzu suna Mina, babu waya a tanti.

Wata ranar kasuwa da hantsi, shago cike da mata, wayar tana ƙara a ƙarƙashin kwando, Iya ta naɗe hannu tana jiran ta yi shiru, sai ga wani saurayi ya tsaya a ƙofa. Ya rame, rigarsa ta yi duƙun-duƙun, ba shi da kaya sai 'yar jaka. Ya dubi Iya, ya dubi kwandon.

"Mama," ya ce, "ashe kina da rai?"

Lateef ne. Kafin ta miƙe ya kai hannu zai ɗaga kwandon, mata suka yi masa ca. "Kai, ɗan nan! Za ka ja wa bawan Allah asara!"

Sai da ya sha ruwa ya iya magana. Ya sami yarinyar da zai aura a Abijan, sunanta Funmilayo, iyayenta sun ce ba za su sa rana ba sai sun ji daga bakin uwarsa. Kullum yana zuwa gidan waya yana bugowa, wayar tana shiga, ba mai ɗauka. Shagon da bai taɓa zama a rufe ba ko ranar Sallah! Ya ce lallai ta mutu an ɓoye masa. Ya sayar da kayan aikinsa, ya bi manyan motoci ta Gana da Togo da Kwatano, yana kuka a hanya.

Iya ta zauna a kan buhun kwanuka. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ashe kai ne mai nacin." Sannan ta rungume shi ta fashe da kuka, rabi da Hausa rabi da Yarbanci.

Gwaggo Inno ba ta yarda ba. Ko da Malam Shitu ya dawo ya rantse cewa takardar lambar ta ɓace masa tun a filin jirgin Kano, ta ce kunya ce ke sa shi musu, haka mahaifinsa yake.

Lateef bai koma Abijan da zama ba, don ba shi da abin komawa. Iya ta saya masa wasu kayan aikin, ta yanka masa gefen shago. Da kanta ta je ta nemo masa auren, ta kawo Funmilayo Funtuwa da jere irin wanda ba a taɓa gani a unguwar ba.

Da Hajji ya sake zagayowa ta tara maniyyata ta gaya musu a fili: "Bana duk wanda ya bugo zan ɗauka. Wanda ba ya so, ga gari nan da faɗi." Da yawa suka ɗauka wasa take yi.

Alhaji Maitama ne ya fara bugowa. Uwargidansa, Hajiya Uwa, tana zaune a kan tabarma. Iya ta ɗauka ta yi sallama. Sai ta ji muryar Alhaji daga can.

"Kin ɗauka ke nan," in ji shi.

"Na ɗauka, Alhaji. Ga Hajiya kusa da ni."

Hajiya Uwa ta miƙe tana gyara gyale, ta miƙo hannu.

"To, tunda kuɗin ya riga ya tafi," in ji Alhaji, "yi sauri ki gaya mini, nawa masara ta kai a Funtuwa yau?"

Iya ta gaya masa. Ya ce a gaya wa yaransa kada su sayar tukuna, ya katse. Ta ajiye wayar, ta juyo wajen Hajiya Uwa.

"Yana lafiya," ta ce. "Ya ce a gaishe ki ƙwarai."