Tukunyar Verlene

A cocinmu da ke gefen kogin Yazoo, duk Lahadin farkon wata mukan ci abinci tare bayan sujada. Kowace mace ta zo da tukunyarta, kuma mutuncinta shi ne tukunyar ta koma gida ba ko loma. Ta Verlene Tolliver kullum cike take komawa.

Ba wai ba ta iya girki ba ne. Laifinta ɗaya, abin da ke ciki daga fegin bayan coci ya fito, wanda ta ƙare ƙuruciyarta tana nomawa: kuɓewa, wake, ganye, dankali. Mutanenmu kuwa sun fi son soyayyar kazar kanti, mai zuwa a kwali. Takan miƙe lokacin sanarwa ta tuna mana ciwon sukari na cinye ƙafafun tsofaffinmu, ta roƙi a ci abin da ƙasarmu ta bayar. A ce amin da ƙarfi, a wuce tukunyarta ba a taɓa ba.

Dattijon coci Cleophus Ragland ya daɗe yana son a mai da fegin wurin ajiye motoci. Wata rana ya ɗaga murfin tukunyarta, ya yatsina fuska.

"'Yar'uwa, kakana ya duƙa a gonar farar fata har bayansa ya lanƙwashe. Ban sa kwat don in koma cin ciyawa ba."

Aka kwashe da dariya.

"Kakanka bai taɓa noma nasa ba, Cleophus," in ji ta. "Wannan fegin naka ne."

Ya maida murfin. Dattawa suka zauna, suka ce tunda ba mai ci, a zuba kwalta. Aka zuba a lokacin kaka, kuɓewar na tsaye da 'ya'yanta. Verlene ba ta ƙara miƙewa lokacin sanarwa ba, kuma ba ta ga wata shukar ba.

Ranar jana'izarta fasto ya ce ta ciyar da mu duk rayuwarta, Cleophus na gyaɗa kai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ranar, don abincin bayan jana'iza, na dafa sauran wakenta a tukunyarta, na ajiye tsakanin kwalayen kaza.

Da aka watse, kwalayen duk an suɗe su. Na ɗauki tukunyar da nauyinta, na tsaya a kan kwaltar tsakanin motoci, na rasa gidan da zan mai da ita.