Motar da Na Faka a Ƙofar Inna

Shekarun baya, lokacin ina zaman kashe wando a birni, wani abokina dillalin motoci ya riƙa tura ni Legas ina tuƙo masa mota. A can ake sauke su daga jirgin ruwa, don haka sun fi araha; kafin mota ta iso Kano kuɗinta ya yi tsalle. Ni dai nawa ladan tuƙi ne da ciwon baya.

A wata tafiya na tuƙo wata baƙar mota mai sheƙi. Maimakon in kai wa mai ita, sai son burga ya ja ni ƙauyenmu, can bayan Minjibir. Na ratsa gonakin gero, na faka ta a ƙofar gidan mahaifiyata, wadda tun rasuwar babanmu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take riƙe da kanta. Ta leƙo, ta goge ƙurar gilashin da gefen mayafinta, ta ce, "Kai, Allah Ya yi ke nan?" Na yi murmushi. Ban ce tawa ce ba, ban kuma musa ba.

Ashe ranar ce masu rubuta sunayen mabuƙata don tallafin wata-wata suke zagaya garin. Ina can majalisa ina amsa gaisuwa kamar wani Alhaji, suka iso gidanmu. Maƙwabciyarmu ce ta ba ni labari daga baya. Ɗayansu ya ce, "Inna, wannan motar fa?" Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ta yaron nan ce." Ya rufe littafinsa, ya ce, "To ai ke, Inna, kin wuce wurin."

Na bi su har ofis, na yi rantsuwa cewa motar ba tawa ba ce. Suka ce, "Malam, da idonmu muka gani." Wani mai rumbu uku da garken shanu kuwa sunansa ya shiga, shi dukiyarsa ba a ƙofar gida take ba. Da na gaya wa abokina, dariya ya yi, ya ce, "Rabu da su, tallafin nan ma lalaci yake koya wa mutane." Na tuna hannun Inna da matsar man gyaɗa ta sa ya yi kanta.

Har yau in na ji masu ƙoshi suna musu kan tallafi, raina ɓaci yake yi, amma haushin kaina ya fi yawa. Inna ba ta taɓa yi min gori ba. Sai bayan shekaru, da na sayi 'yar tsohuwar motata ta gaskiya na je nuna mata, ta yi addu'a, sannan ta rage murya ta ce, "Matsar da ita bakin masallaci, ko za su dawo."

Har ta rasu ba su dawo ba.