Rumanar Malam, Shekara Bakwai Bayan Rasuwarsa

Daminar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isuhu. Duk zamanmu ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, yau ma alƙalami ne ya kira. Malamin firamare ne, ya koyar a Zakka da Tsaskiya kafin a maido shi gida Ruma. Amma in ka tambayi mutanen can, kafin su tuna da koyarwarsa cewa za su yi, "Au, Malam mai fure."

Furen kuwa rumana ce. Ga wanda bai san ta ba, tsiron daji ce mai ganye kamar takobi da 'yar albasa a ƙarƙashin ƙasa. Da ruwa ya zauna sai ta miƙa kara guda, furanni su jeru a jikinsa. Mutanenmu albasar suka sani, don ana magani da ita. Shi furen ne ya shiga ransa. Duk ƙauyen da aka tura shi sai ya bi fadama da gindin duwatsu yana tono, ya dawo da laka har gwiwa. Ta Tsaskiya ja ce jawur, ta Zakka ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo.

Bai tsaya ga tarawa ba, aure yake haɗa musu, haka shi yake faɗi. Da hantsi zai ɗebo garin wannan fure da gashin kaza ya shafa wa wancan, ya rufe shi da ƙyallen gidan sauro kada zuma ta ɓata masa aiki. In kwanso ya bushe ya fasa, irin ba nauyi kamar ƙaiƙayi, ya shuka a tsohuwar tukunya. Shekarar farko ganye ɗaya ne siriri, ba ka raba shi da ciyawa. Sai an yi damina biyu ko uku ake ganin fure, kuma yawancinsu uwar suke komawa sak. Na taɓa ce masa, "Malam, wai wannan wahala ta mece ce? Ba a ci, ba a sha."

Ya ce, "Maman Kabiru, so nake in ga launin da ba wanda ya taɓa gani sai Wanda ya yi shi."

Ba shi da abokin wannan zance. Malaman makaranta dariya suke yi masa. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, wani makiyayi mai suna Buba da ke kawo mana nono. Shi ne wata rana ya zo da albasa ƙulle a bakin rawani, ya ce a gindin wani dutse cikin daji ya ga furenta, fari fat kamar kindirmo. Malam ya dasa, ta yi fure farin kuwa, ya haɗa ta da jar Tsaskiya. Iri ya kama, ya tsiro.

A wannan daminar ne zaman Ruma ya gagare mu. Ba zan ba da labarin ɓarayin daji a nan ba, duk wanda ke yankinmu ya san shi. Ranar da muka fito, kowa da abin da ya iya ɗauka, masu buhun gero, masu jan akuya. Malam ya ɗora ni bayan babur da ƙullin kayana, shi kuma ya rataya jaka cike da albasar rumana da ƙasarta, har da 'yan tsiron irin farar. A hanya wani dattijo ya tambaye shi ko gujiya ce. Ya ce, "Iri ne, Baba."

Muka kama hayar ɗaki biyu a Batsari. Ba fili, sai ya huda tsofaffin bokitai ya jera su jikin katanga. Farar ba ta jure ƙaura ba, ta ruɓe tun a watan farko. Ya daɗe tsugune gaban bokitin. Buba kuma tun fitowarmu ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce ya yi kudu da shanunsa, wasu sun faɗi abin da ya fi haka muni. Malam kan je bakin kasuwar dabbobi ranar Alhamis yana duban fuskoki, ya dawo bai gan shi ba. Shekara na zagayowa ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kafin kaka Allah ya karɓi abinsa.

Bayan na fita takaba na ci gaba da kula da bokitan, ba don na iya ba, sai don ba ni da wani abin da ke jirana da safe. 'Ya'yanmu duk sun yi nisa. Da rani in tone albasar in ajiye cikin yashi da toka saboda gara, kamar yadda na ga yana yi, in ruwa ya sauka in mayar.

Damina ta biyu bayansa ne ɗiyan farar nan suka yi fure. Yawancinsu ja ne kamar kullum. Guda ɗaya ce ta fito fara, bakin ganyen furen da ja-ja kamar an tsoma shi a lalle, cikinta ruwan ƙwai. Na fito da buta a hannu na gan ta. Ban san lokacin da na juya wajen ƙofar ɗaki na ce, "Malam, fito ka gani" ba. Sai da maganar ta fita na ji ta. Na leƙa waje ko zan sami wanda zan nuna wa, maƙwabciyata ta duba ta ce, "Kai, da kyau," ta wuce ɗibar ruwa. Na dawo na jawo kujera na zauna. Kullum nan nake wuni har ta yanƙwane.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yara suna nuna mini furannin ƙasashen duniya a waya, na san da ya kalla har ya manta da abinci. Amma dajin da ya sani dutse-dutse yanzu ba mai shigarsa neman fure, hanyar Tsaskiya ma sai an tambaya kafin a bi. Ina jin da ba zai yi doguwar magana ba. Zai ce rumanar tana can tana fure ko da mai kallo ko babu, sannan ya tambaya ko an ji labarin Buba.

Bai bar mana gida ba, bai bar gona da za a iya nomawa ba. Ɗalibansa na gaishe ni a hanya, suna yi masa addu'a, na gode musu. Abin da ya rage a hannuna shi ne bokitan nan, da haƙurin da na koya a gabansu bayan ba ya nan. Farar nan mai bakin lalle ta yi 'ya'ya, jajayen Tsaskiya da ya tono da hannunsa ma suna nan da ransu.

Watan jiya Kabiru, babban ɗanmu, ya zo daga Katsina. Ya ce, "Inna, zaman nan ke kaɗai ya isa haka. Bayan kaka zan zo da mota." Ban yi musu ba, ƙafafuna sun fara gajiya. Sai dai gidansa duk siminti ne, ya ce bokiti ɗaya zai samu wuri bayan tankin ruwa. Na ce to. Sauran zan ba duk wanda ya yarda ya karɓa, in an samu.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa. Gero ya fara nuna, kullum da safe ina fitowa in tsaya gaban bokitan, har yanzu ban zaɓa ba.