Na Ga Ɓerayen Sun Faɗi, Na Kasa Gaya Wa Baba

A lokacin ni budurwa ce mai jin kanta, na samu aiki a wani ɗakin bincike a Gusau. Aikin bai wuce ba wa fararen ɓeraye abinci da wanke kejinsu ba, amma in na je gida Kucheri cikin farar riga, sai ka rantse likita ce ta iso.

Akwai ɓerayen da ake sa wa hawan jini, akwai lafiyayyu, duk ana ba su ɗan maganin ƙwari iri ɗaya. Ni ke buɗe ƙofa da safe, don haka ni na fara gani. Masu hawan jinin ne ke riga kwantawa, jiki na rawa, yawu na zuba, alhali sauran na ta gwaguyar abinci. Malamar da nake ƙarƙashinta ta ce min jikin da ya riga ya gaji ba ya jure guba kamar lafiyayye. Tana faɗa Babana ya faɗo min a rai, don ya daɗe yana shan maganin hawan jini.

Da damina na je gida, na tarar da shi yana dama maganin feshin wake da hannu, ba safar hannu, hanci a buɗe, tankin feshin ma in ya goya yoyo yake yi masa a baya. Na so in yi masa magana. Amma ni ce ɗiyar fari. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, kaina a ƙasa. Ta ina zan fara gwada mahaifina da ɓera? Sai na zagaya na gaya wa Inna. Ita ma nauyinsa take ji, da ta je sai ta sassauta maganar, ta ce masa wai na ce ya riƙa shan nono bayan feshi. Ya yi dariya, ya ce a yi min godiya. Ina ji daga bayan zana, ban fito na gyara ba.

Sati bai cika ba ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kunyoyin wake. Daga asibitin Tsafe aka wuce da shi Gusau. Likita ya ce gubar ta tarar da jini a sama, abin ya haɗu. Allah ya tashe shi, amma hannun dama bai dawo ba. Ranar da na durƙusa ina kuka na gaya masa duk abin da na sani na ɓoye, ya ɗora hannun hagu a kaina, ya ce tarbiyyarsa na bi, kada in ɗora wa kaina. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na gane kunyar da za ta bar mahaifi cikin haɗari ba ladabi ba ce. Duk mai tsoho da hawan jini, ya karɓe tankin feshi daga bayansa, kuma ya faɗa masa dalili da bakinsa, kada ya aika kowa. Maganar da ta gagare ni ba ta kai minti biyu ba. Baba kuwa har yau da hagu yake cin tuwo.