Malam Datti Ya Koma Ban Ruwa da Bokiti

Kowa a Bunkure ya san Malam Datti mai albasa. Tun yana saurayi yake noman rani a bakin kwatar ruwa, a wata gona da ke kan tudu, inda ruwa ba ya hawa sai an ɗaga shi. Ya yi ban ruwa da bokiti har bayansa ya ranƙwafa. Ranar da ya kafa sola ya jona injin ban ruwa, sai da ya rantse a majalisa cewa shi da bokiti har abada.

To, Allah ya ba shi 'ya, Ummukulsum, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa Ummi yake ce mata. Yarinya ta bi boko har digiri na biyu a Kano. Aikinta kuwa, kai! Wai lissafi take yi a kwamfuta, na yadda ƙwayar sinadari, wadda ido ba ya gani, take sakin ƙarfinta idan an tsare ta da haske tsakanin madubai biyu.

"Ina maduban?" in ji Malam Datti.

"Babu su, Baba. A lissafi suke."

"Ikon Allah! Ƙwaya babu, madubi babu, amma ga ki kin rame."

Satin da za ta miƙa aikin, wuta ta ƙi zama a gari, sai ta kwaso kwamfutarta ta zo bukkar gona ta jona a solar. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, lissafin kuma wuni yake ci ba tsayawa. Can da hantsi Malam Datti ya kunna inji. Nauyi ya yi wa solar yawa, wuta ta ƙifta, kwamfuta ta ɗauke, lissafi ya koma farko. Da ya ga hawayen Ummi, abin ya sosa masa rai ƙwarai.

Washegari ce damarta ta ƙarshe, ga albasa sabon dashe tana neman ruwa. Sai ya ce mata yau ba ranar ban ruwa ba ce. Ya zagaya bayan bukka, ya zaro tsohon bokiti, ya naɗe wando ya gangara kwata. Dogo, maƙwabcin gonarsa, ya hango shi.

"A'a, Malam Datti! Ina rantsuwar?"

"Zan yi kaffara. Rufe min baki!"

Bayan la'asar Ummi ta fito da gudu, tana cewa lissafi ya fita. Sai ta yi turus. Ga fangalan albasa sun sha ruwa, ga tsohonta can gindin tudu jiƙe sharkaf da bokiti a hannu.

"Baba..." in ji ta.

"Ƙwayar taki ta saki ƙarfin nata?"

"Ta saki, Baba. A hankali take saki, kamar yadda na yi hasashe."

"Madalla. Ni ma nawa ya ƙare. Zo ki kama ni mu hau tudun nan, Ummi."