Baƙaƙen 'Ya'yan Shaɗaranj a Hannuna

Ko da zan manta sunayen jikokina, ba zan manta da shekarar da ɗana na tsakiya ya dawo daga Doka da wani katako mai gida-gida ba. Direban tarakta ne a mashru, manyan gonakin dawar nan, mutum mai mata da 'ya'ya.

Kullum da la'asar sai ya zauna a rakuba, rumfar tsakar gida, shi kaɗai, ya jera 'ya'yan katakon, farare da baƙaƙe. Ya duba tilifon, ya tura fari. Ya sake dubawa, ya tura baƙi. Da an ɗan yi nisa sai ya rushe, ya koma farko, yana magana ƙasa-ƙasa. Na san dara, amma dara da mutum biyu ake yinta.

Wata maƙwabciya ta zo shan jabana, gahawarmu, ta leƙa shi, ta ce, "Hajja, da wa yake wasan nan?" Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa, wai iska ta taɓa shi. Ga damina ta matso, kuma babu mai mashru da zai ba mai taɓin hankali tarakta.

Na tsaya a kan ɗana na ce, "Kai, waye abokin wasanka?"

Ya ce, "Yumma, shaɗaranj ne. Wasu gwanaye biyu suka buga wannan tun da daɗewa, aka ajiye shi. Yadda suka buɗe wasan nake koyo."

"Suna ina?"

"Sun rasu."

Na yi salati. Na ce, "To wa ya ci?" Ya ce mai fari. "Ka san wanda ya ci, me kake nema kuma?" Ya yi ta bayani, wai ɗan katakon da ake kira doki ya fito, wai a kama tsakiya. Ni ko kalma ɗaya ba ta shige ni ba, amma na lura idonsa garau yake.

Washegari na sa aka fitar da tabarma ƙofar gida, na zauna gabansa na ce, "Ba ni baƙaƙen." Inda ya nuna, nan nake ajiyewa. Maƙwabciyar ta zo wucewa, na ce mata, "Da ni yake yi, kuma yana shan wuya." Da ruwa ya sauka, aka aiko masa ya zo ya hau taraktarsa.

Har yau ban san me ya sa dokin nan yake tafiya a karkace ba. Abin da na koya shi ne, ba sai uwa ta gane abin da ɗanta yake yi ba kafin ta zauna a gabansa.