Neman Ƙwaƙwalwa Ga Motar Hajiya

Gyadi-Gyadi

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka fito da motar, ni da yayana Habibu. Motar ta Hajiyarmu ce, da ita ake kai ta ganin likita duk Litinin. Yaya ne ya lallaɓa ya sa aka ɗaura mata turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Sai da aka gama bakaniken ya ce ƙwaƙwalwar motar, akwatin da ke auna mai da wuta, ba ta san da wannan iskar ba, in aka taka da ƙarfi inji zai buga. Aka ce ni zan zaɓo wata, tunda ni ne mai digiri. Na tuna musu tarihi na karanta, ba wanda ya saurare ni.

Ni na tuƙa, a hankali ƙwarai. Wani ɗan acaɓa ya leƙo ya ce, "Alhaji, ƙwai ka ɗauko ne?" A shingen 'yan sanda ma rashin gudun ne ya sa aka tsayar da mu. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, farar hula ke mulki yanzu, ƙanena na da 'yancin rarrafe." Ɗan sandan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Unguwa Uku

Mun karya da waina da miyar taushe, sannan muka shiga shagon Alhaji Ɗanliti mai kayan Beljiyam. Ya ciro wata ƙwaƙwalwa da aka yanko daga motar da ta zo da turbonta tun daga kamfani.

"Za ta zauna da injinmu kuwa?" na tambaya.

"In Allah ya yarda."

"In ba ta zauna ba fa?"

"Kayan wuta ba a dawo da su, ɗana."

Na ce zan ɗan yi tunani. Yaya ya ce tun ina firamare nake wannan tunanin.

Tarauni

Da hantsi muka isa garejin Malam Sabo, wanda ke saita motoci da kwamfuta. Ya ajiye mana ƙwaƙwalwa guda biyu. Ɗaya mai zaman kanta, a cire ta asali gaba ɗaya. Ƙarfi kam ba magana, sai dai wataƙila a rasa na'urar sanyi. Ɗayar ƙarama ce, goya ta ake yi a kan ta asali tana gyara mata lissafi.

Idon Yaya na kan babbar. Ni kuwa tambayata ɗaya: in ta lalace da Hajiya a ciki fa? Malam Sabo ya ce ƙaramar a zare ta kawai, a lallaɓa a kai gida. Na ce ina jin, in ban yi kuskure ba, ƙaramar ta fi.

Yana haɗa wayoyi ya ce, "Da irin man da ke cikin tanki zan saita ta. Shi kuke sha kullum?"

"Shi ne," in ji Yaya. "Na gidan mai, jiya na cika."

Jiyan ce kaɗai na taɓa ganin Yaya a layin mai. Sauran ranaku galan yake saya wurin 'yan bumburutu na bakin titinmu, man da Allah kaɗai ya san abin da aka sirka masa. Na yi gyaran murya na faɗa.

"Kai, wa ya tambaye ka?" in ji Yaya.

Malam Sabo ya ajiye kwamfutar. "Gara da ya faɗa. A saita da mai kyau, a zuba na galan, ranar za ku ji inji na ƙwanƙwasa."

Haka aka zuƙe man Yaya cikin jarka, yana tsaye kamar an yi masa rasuwa. Na hau acaɓa na sayo na galan, a wurin mutuminsa kuwa, wanda har ya ce in gaida shi. Da man galan ɗin aka saita, aka rage ƙarfin. Bayan la'asar muka gwada, ƙwanƙwasa ko ɗaya babu. Yaya ya ce wannan ba turbo ba ne, tari ne.

Gida

Kafin magariba muka iso. Hajiya na zaune a tsakar gida ta ce, "An gyara?"

Na ce, "Eh to, bisa ga abin da na gani, kusan za a iya cewa..."

"Litinin za ta kai ni ko ba za ta kai ni ba?"

"Za ta kai ki."

Ta karɓi makullin daga hannun Yaya ta miƙo mini. "To kai za ka riƙa kai ni. Shi ya hau acaɓa, tunda iska yake so."

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya da injinmu, mun gode wa Malam Sabo. Turbon na nan ƙalau, ina jin. Tun da makullin ya zo hannuna dai ban taɓa taka motar har ya farka ba.